Akwatin Waya a Rufewar Kebbe

Tambuwal, 14 ga Maris, 1977

Zuwa ga ƙanena Malam Bube, liman, Kebbe.

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Atu da yara. Mu nan lafiya, sai ƙafar maiɗakina Sauda da ke kumbura in ta daɗe tsaye, da idona na hagu da ya fara hazo.

Watan nan shekara goma sha tara ke nan da rasuwar Baba. Ban manta ba, ko da kai ka manta. Kwana biyu na yi a hanya daga Minna, jirgin ƙasa da babbar mota, na iso na tarar an rufe shi, kun baje littattafansa a zaure kuna rabo. Na miƙa hannu ga littafin fiƙihun da ya kwafa da hannunsa, ka ce a gaban mutane, "Mi ɗan boko za ya yi da wanga? A ba shi fadama." Aka yi dariya. A ranar na rantse ba zan ƙara tsallaka zauren nan ba, kuma ban tsallaka ba.

Kamar ni na kai kaina bokon. Hakimi ya ce kowane babban gida ya ba da yaro ɗaya, Baba ya dube mu, ya ba da mai i'ina, ya riƙe mai zaƙin murya. Na je, na fi kowa lissafi a makarantar Midil, na yi wa ma'aikatar waya shekara talatin da uku, aka sallame ni da takarda mai layi biyu.

To ga abin da ɗan boko zai yi da fadama. Zan sayar da ita. Ɗanmaliki mai albasa ya taya, na sallama. Ka cire albasarka ta bana, daga nan ka janye hannu. Shekara goma sha tara kana nomanta aro, ban taɓa karɓar ko kwando ɗaya ba.

A Kaduna an kawo sabon injin waya mai haɗa kira da kansa, za a yi gwanjon tsoffin akwatuna, irin waɗanda ma'aikaci ke zama gabansu yana soka igiya a rami ya haɗa mai kira da wanda ake kira. Akwai guda mai layi hamsin, da kawunan tarho ashirin. Na san shi, na yi aiki a kansa. Tagulla ce zalla a jikin katako mai nauyi, ba ya neman wutar lantarki, batir ya ishe shi. Kuɗin sallamata kaɗai ba su kai ba, shi ya sa fadama.

Ka saurara, ko da ba za ka gane ba. An ba mu jiha bara. Kowace jiha za ta haifi ƙananan hukumomi, kowace hukuma tana son ofis, asibiti, kotu, makaranta, kuma duk sai sun yi magana da juna. Birni ya ƙoshi ya zubar, ƙauye bai ko ɗanɗana ba. Yau kowa ya samu kuɗin mai sai leshi da Fijo da ƙarin aure. Kuɗin nan ruwan sama ne a kan yashi. Ran da suka tsotse, jirgi ya daina sauke kaya a Ikko, wanda ke riƙe da kayan haɗa waya shi za a yi wa layi a ƙofa. Ba cinikin bana ba ne, cinikin shekara biyar ne ko goma.

Ba shawara nake nema ba. Sanarwa ce.

Yayanka,
Attahiru


Kebbe, ran Laraba, tsakiyar bazara, 1977

Zuwa ga Yaya Attahiru.

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso ta hannun Na'iya direba, na karanta har sau ukku. Muna gaida Yaya Sauda, Allah shi ba ta lafiya. Atu ta ce ta riƙa ɗora ƙafar bisa matashi.

Maganar zaure, na faɗe ta, ba ni musu. Ƙuruciya ce da zafin rashi. Na roƙe ka gafara ta bakin mutum ukku, ka maido su. Yanzu ma nika roƙo.

Fadama taka ce, shari'a ta ba ka. Amma Yaya, bakuna ashirin da fuɗu ka ci daga gare ta. Shekarar fari, da gero ya ƙone a tudu, ita ta riƙe gidanga har da maƙwabta. Ƙasa ba ta tsufa. Ƙarfen da masu shi sunka gaji da shi sunka kai gwanjo, mi ya sa kake zaton wasu za su so shi? Ni ban san waya ba, amma na san ba a sayen tsohon jaki don wai wata rana za a rasa mota.

In kuɗi kake so, bari in yi magana da dangi mu ga abin da za mu haɗa, fadama ta tsaya cikin gida. Ɗanmaliki in ya kama abu ba shi saki.

Ƙanenka,
Bube


Tambuwal, 2 ga Yuni, 1977

Malam Bube,

Gaisuwa. Ƙafar Sauda da sauƙi. Ka gaida Atu.

Takardarka ta kwana goma sha shida a aljihun Na'iya kafin ya tuna da ita. Tsakanina da kai tafiyar rabin yini ce. Da akwai waya, da minti ɗaya ya isa ka yi mani wa'azin jakinka. Ka ga abin da nake faɗa ke nan, amma ba za ka gani ba.

An gama. Ɗanmaliki ya karɓi fadama a gaban shaidu, na je Kaduna na dawo da akwati. Dangin da za ka tara, ina suke ran da aka yi mani dariya?

Yanzu ga abin da nake so, kuma shi kaɗai na taɓa nema a wurinka. Gidan da nake haya a bakin titi yake, rufinsa na yoyo, ɓarayin tagulla kuma sun yi yawa tun da aka fara kwangiloli. Ana ta raɗe-raɗin za a ja layi zuwa Kebbe, watakila ma a ba ku taku hukuma. In haka ta faru, gara a tarar da kayan a can. Na'iya zai kawo su ran kasuwa, naɗe cikin tamfol sabo. Mutum shida za su ɗauka, kada a kwantar da shi ta gefe. Ka ba ni rufewar Baba ta bayan gida, rumbun yumɓun nan da gara ba ta taɓa shiga ba.

Abokan gabansa uku ne: gara, ɓera, da hannun yara. Ka kiyaye shi kamar yadda kake kiyaye irin shuka. Ban san wani abu da kake tsaro fiye da shi a duniya ba, shi ya sa na ce iri. Kada wani ya buɗe sai da takardata.

Attahiru


Kebbe, farkon damina, 1977

Yaya,

Bayan gaisuwa. Kaya sun iso lafiya, mutum takwas sunka ɗauka, ba shida ba. Garin duk ya fito kallo. Wani tsoho ya tambaye ni ko injin niƙa ne, na ce a'a, na magana ne, ya ce to ai Kebbe ba a rasa magana ba.

Na kwashe waken da ke rufewar Baba na maida ɗakina. Ban ji daɗin abin da ka yi ba, Yaya, kuma ba zan ɓoye ba: ran da Ɗanmaliki ya kafa shingensa, Atu ba ta ɗora tukunya ba. Amma amana amana ce. Mun yi ma kayanka duk abin da muka yi ma iri, har da ƙari, mun shafe bakin rufewa da yumɓu. Ko ƙwaro ɗaya ba shi shiga.

Bube


Tambuwal, 9 ga Satumba, 1980

Malam Bube,

Ina gaisuwa, in har gaisuwa na da amfani ga mutumin da ya yi wata bakwai bai rubuto ba. Sauda lafiya. Idona na dama ya bi na hagu, yanzu da tabarau biyu nake karatu.

A tashar mota na ji, ba daga gare ka ba. Na'iya yana shan shayi yana ba mutane labarin guguwar da ta faɗa wa Kebbe watan jiya, ya ce har jinkar rufewar liman ta tashi ta faɗa gonar maƙwabta, aka kwana ana ruwa. Ya juyo ya gan ni, ya ce, "Af, Malam Attahiru, ai na ɗauka an gaya maka." Ka san yadda na ji? Ina tsaye kamar baƙo ana ba da labarin dukiyata.

Ba ya isa abin da nake sha a nan? Duk garin nan sunana ya koma Mai Akwati. In na wuce majalisar bakin kasuwa sai wani ya kara hannu a kunne ya ce, "Alo, Kebbe?" Yaran da na koya wa hawan turken waya yau su ne 'yan kwangila, suna wuce ni a mota suna ɗaga mani yatsa biyu. An kafa turaku goma sha ɗaya a hanyarku lokacin zaɓe, aka ci zaɓe, aka bar su tsaye, makiyaya na ɗaure shanu a jiki. Na rubuta takarda tara zuwa Sakkwato ina bayanin yadda za a haɗa garuruwan nan da kuɗin da bai kai na liyafa ɗaya ba. An amsa guda, an ce an gode.

Duk wannan bai karya ni ba, don na san lissafina daidai ne. Suna sayen sabbin injuna daga waje waɗanda ba mai iya gyarawa, in fis ya ƙone sai an jira Bature. Nawa da ƙusa da ɗan ƙarfe nake gyara shi. Lokacinsa na zuwa. Abin da zai karya ni shi ne sakacin gida.

Ka amsa mani abu ɗaya, ba wa'azi, ba karin magana. Ruwa ya taɓa tamfol ɗin ko bai taɓa ba?

Attahiru


Kebbe, bayan an yanke gero, 1980

Yaya,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da jinkiri. Gulbi ya cinye hanya, mota ba ta shigo ba sai satin jiya, takardarka ta yi wata biyu a Tambuwal cikin motar Na'iya. Ni ma na yi jinya, zazzaɓi ya kwantar da ni har wani ya ja salla Juma'a ukku. Yanzu alhamdu lillahi.

Ban rubuto maganar guguwa ba don ban ga abin tada maka hankali ba. Jinka ta tashi, gaskiya ne. Ruwa ya ɗan sauka ta bisa. Da gari ya waye munka buɗe, munka ƙara abin da ka tsotse laima, munka shafe, munka ɗora sabuwar jinka wadda ta fi ta da. Tamfol kuwa, ka kwantar da hankalinka, ko ɗigo bai taɓa shi ba, shina nan awa ran da anka kawo shi.

Masu yi maka "alo", Allah shi shirye su. Nan ma ba a bar ni ba. Amma da ka zo da kanka ka duba, Yaya, da hankalinka ya fi kwanciya, nawa ma haka.

Bube


Tambuwal, 24 ga Mayu, 1982

Malam Bube,

Gaisuwa mai yawa a wannan karon, kai da Atu da kowa. Sauda na gaishe ku.

Ka tara majalisarka ka karanta masu wannan da ƙarfi.

Kuɗin mai sun tsotse. Ka ji a rediyo an ce a tsuke bakin aljihu, an toshe shigo da kaya. Jiya da hantsi mota ta tsaya ƙofar gidana. Almu ne, ɗaya daga cikin waɗanda na koya wa aiki, wanda ke ɗaga mani yatsa biyu. Wannan karon ya fito, ya cire takalmi, ya durƙusa. Ya ci kwangilar haɗa waya tsakanin ofisoshi da asibiti da makarantar kwana a wata sabuwar hukuma, ya karɓi rabin kuɗi, injin da ya yi oda ya maƙale a ƙasar waje ba takardar shigo da shi. Wata biyu suka rage masa.

Ya ce, "Baba, an ce akwatin nan na Kaduna yana hannunka."

Na ce, "Wane? Na 'alo Kebbe'?"

Ya ce, "Baba, a bar tuna baya."

Na bar shi a durƙushe har shayinsa ya huce. Abin da ya taya zai sayi fadama irin ta Baba guda biyu, kuma ni zan kafa akwatin in koya wa ma'aikatansa, da albashi. Ya ce akwai 'yan kwangila uku a bayansa masu irin matsalarsa, da ina da goma da duk sun tafi. Ya kuma faɗi wata gaskiya, na yarda da ita: irin wannan akwati shekara biyu ko uku suka rage masa a kasuwa, da an buɗe tashar jirgin ruwa ƙananan injuna masu haɗa kansu za su cika ƙasa. Wato yanzu ne lokacin, ba bara ba, ba baɗi ba. Shekara biyar na ce maka, ka duba takardata ta farko.

Na riga na aika wa Ɗanmaliki kan maganar fadama. Ya ce ba ya sayarwa, amma ya tambayi nawa, ka kuwa san ma'anar wannan a bakin ɗan kasuwa. In ta dawo, ka ci gaba da nomanta. Ba don ka cancanta ba, don bakuna ashirin da huɗun nan.

Almu zai zo ran Asabar da a-kori-kura. Wannan ita ce takardar da na ce. Ka fasa rufewa.

Yayanka,
Attahiru


Tambuwal, 30 ga Mayu, 1982

Bube,

Ba gaisuwa.

Toka. Toka ka zuba masa.

Almu ya iso jiya da la'asar, bai ko shigo ba, ya ce in fito in gani. Na ɗauka hanya ce ta yi masa ƙura. Na sa hannu, na ji abu ya daskare kamar ƙanzo. Kowane rami cikin hamsin ɗin nan cike yake da toka, ta sha ruwa, ta bushe, ta koma dutse. Na buɗe bayan akwatin, inda dubban wayoyi sirara suke, na tarar da kore shar kamar gansakuka. Na taɓa ɗaya ta marmashe a yatsana. Kawunan tarho ashirin, ka cire su daga kwalayensu ka binne su ɗaya ɗaya kamar ƙwai. Almu ya ce da kwarya aka riƙa kwasar tokar kafin a ga katako, kana tsaye kana murmushi kana cewa a duba, ko huda ɗaya gara ba ta yi ba.

Ina tamfol? Ya ce ka ɗauko shi daga ƙarƙashin gadonka a ninke, ka miƙa masa kamar wanda ya yi abin yabo. Na tambaye ka ko ruwa ya taɓa tamfol, ka ce ko ɗigo. Kai liman ne. Ka san abin da nake tambaya, ka amsa abin da ya fi maka sauƙi.

Kowace mace a gidan nan ta san abin da ruwan toka ke yi. Da shi ake sabulu. Yana cin fatar hannu, yana huda kwano. Shekara biyar dukiyata na jiƙe a cikinsa, biyu daga ciki da ruwan sama a kai, kuma da ka ga laima sai ka ƙara wata tokar.

Majalisar bakin kasuwa duk ta taso ta kewaye motar. Ba wanda ya ce "alo". Da sun ce ma da ya fi mani.

Ka gaya mani gaskiya sau ɗaya a rayuwarka. Ramuwar fadama ce? In ita ce, ka faɗa, in san da maƙiyi nake yi ba da wawa ba.

Attahiru


Kebbe, ran Talata, 1982

Yaya Attahiru,

Assalamu alaikum, ko ba ka amsa ba. Na ba mai babur wagga takarda da hannuna don kada ta kwana a hanya.

Wallahi ba ramuwa ba ce. In na yi nufin cutarka, da na bar ma gara, ba sai na wahala ba. Toka buhu tara ta shiga rufewar nan. Wata guda matan gidanga da na maƙwabta suna tara ta, suna tankaɗewa, don kada gawayi ya karce maka kaya. Ka ce gara, ɓera, hannun yara. Ka ce awa iri. Iri nan garin da toka aka ajiye shi tun kakanni, kai ma ka sani, da hannunka ka taya Inna turbuɗa wake kafin a kai ka boko. Tamfol kuwa na cire shi don iri in anka naɗe shi cikin roba zufa shika yi ya ruɓe. Na ce kada kayan Yaya su yi zufa.

Abu ɗaya zan amsa laifinsa. Ran da ruwa ya shiga, Atu ta ce mani, "Malam, ruwan toka fa shina cin kwano, anya wanga abu ba ƙarfe ne ba?" Na ce mata Yaya ya fi mu sani, shi ya ce awa iri. Da takardarka ta zo tana tambayar tamfol, gabana ya faɗi, na gane ashe kana zaton shina naɗe. Na ɗauki alƙalami in gaya maka, na tuna irin takardar da za ta dawo, sai na amsa abin da ka tambaya kawai. Tsoronka na ji. Ina da shekara hamsin da bakwai, ina ja ma gari salla, ina tsoron takardar yayana. Wanga laifina ne, Allah shi yafe mani, kai ma ka yafe.

Amma tunda ka ce in faɗi gaskiya, ga sauranta. Abin da ka sayar da ƙasar Baba dominsa ya shekara biyar a bayan ɗakina, ba ka zo ka leƙa shi ko sau ɗaya ba. Kallo ɗaya za ka yi a shekarar farko ka ce a kwashe, a kakkaɓe, shi ke nan. Na ce ka zo, ka yi shiru. Rantsuwa ce ta hana ka? Rantsuwa irin wagga ciyar da miskinai goma ka warware ta, ko ɗalibin da ya fara fiƙihu ya sani, kai ma ka sani. Ko ta ƙofar baya ka shigo, ba ta zaure ba, wa zai hana ka? Ka fi son ka riƙe fushinka da ka riƙe kayanka. Kana ta faɗin waya za ta haɗa garuruwa. Mu dai abin da munka gada, zumunta a ƙafa take.

Ina da shanun huɗa biyu. Ba su kai ko kusa ba, na sani. Ka ce a kai su kasuwa, a kai.

Ƙanenka,
Bube


Tambuwal, 21 ga Yuni, 1982

Malam Bube,

Wa alaikumus salam. Sauda ta ce in gaida Atu, ta ce a gaya mata ita kaɗai ce mai hankali a gidajen nan biyu. Na rubuta ne saboda ta tsaya a kaina.

Ka bar shanunka. Damina ta sauka, da me za ka yi huɗa, da carbi? Kada ka ƙara yi mani tayin sadaka.

Maganar miskinai goma, na sani tun kafin ka yi gemu. Ban tambaye ka fatawa ba. Ban kuma ce ƙarya ka yi ba. Sati uku ina neman inda zan kama ka a takardar nan ban samu ba, wannan ma wani abin haushi ne. Kada ka ɗauka na huce. Mutumin da gabansa ya faɗi, ya yi shiru shekara biyu, bai gama biyan bashin kunya da takarda ɗaya ba.

Na roƙi Almu kwana goma, ya ba ni, don yana da sauran mutunci. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kwance akwatin gaba ɗaya. Na wanke da kananzir, na goge da tsamiya, na kankare da reza. Idona ba ya ganin siraran wayoyin, da yatsa nake bin su. Na sayo batir na gwada layukan ɗaya bayan ɗaya. Na goma sha bakwai ya yi ɗan ƙara, na ɗauka ya tashi, na kira Sauda ta riƙe ɗaya kan, na yi magana, ba ta ji komai ba. Sauran ko ƙaran ba su yi ba. Tagullar ta cinye har ciki, in ka kankare koren ba abin da ke ƙasa.

Ran na goma sha ɗaya Almu ya wuce Zariya, ya samu wani a hannun wani tsohon ma'aikaci irina, mai layi talatin, ya biya abin da ya taya mani har da ƙari. Mutumin a ɗakin kwanansa ya ajiye nasa.

Ɗanmaliki ya aiko yana tambaya ko maganar na nan. Na ce a gaya masa ya yi shukarsa.

Shekaranjiya maƙeri ya zo ya auna abin da ya saura na ƙarfe, ya kwashe a buhu biyu. Katakon wani mai shayi ya ɗauka zai yi teburi. Layi hamsin, ba ko ɗaya. Tarho ashirin, ba ko ɗaya. Kuɗin sallamar shekara talatin da uku sun tafi, fadamar Baba ta tafi.

Attahiru